Aska Takwas

Shekarata ta uku ke nan a Shika
ina koyon aikin likitan ƙwaƙwalwa.
Na haddace sunayen ƙwayoyi tas,
na san mai sa barci, na san mai sa rawar hannu,
har na fara jin kaina.

Ran Talata aka kawo Malam Nalado
daga cikin Birni,
'yarsa Azumi na riƙe da gefen rigarsa
kamar iska za ta ɗauke shi.
Ta ce, "Likita, sau uku yana fita kafin asuba.
Jiya mai shayi ya tsinto shi a Ƙofar Doka
yana tambayar hanyar ɗakin uwarsa,
wadda ta rasu tun ba a haife ni ba.
Maƙwabta sun ce sammu ne,
wasu sun ce gigin tsufa ne, a ƙyale shi.
Ni dai na gaji, Allah Ya yafe mini."

Na buɗe takarda, na jero tambayoyi.
Baba, yau wace rana? Wane wata muke ciki?
Riƙe mini kalma uku: gero, kujera, kogi.
Ya dube ni kamar na zo karɓar haraji.
Na miƙa masa biro, na ce zana agogo,
sa hannunsa a sha ɗaya da minti goma.
Ya sunkuya, ya daɗe.
Abin da ya fito
wasu tsinaye ne jere, dogo da gajere,
babu da'ira, babu lamba.
Na rubuta sifili.

Ashe Dakta Saratu na tsaye a bayana.
Ta ɗauki takardar, ta juya ta gicciye.
"Kai ɗan ina ne?"
Na ce Samaru.
"Ka tashi a Zariya, ba ka san aska takwas ba?"

Ta jawo ƙaramar kujera, ta zauna ƙasa da shi.
Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya,
ba ta yi sauri ba.
Sannan ta ce, "Malam, nawa zare yake yanzu?"
Sai bakin da ya ƙi ni ya buɗe
kamar Kubanni ta kawo ruwa:
tsamiya, saƙi, wanda ya koya masa riƙon allura,
wani attajirin Tudun Wada da ya ci masa kuɗin riga biyu.
Azumi ta rufe fuska da mayafi.

A baranda malamata ta ce mini,
"Sifilinka daidai ne, cutar tana nan,
kuma ba mu da abin da zai kore ta.
Amma gaisuwa tana gaban gwaji.
Duba kunnensa, duba fitsarinsa,
kafin ka ɗora wa hankalinsa laifi.
Tsoho rabin ƙwaya ake ba shi, a jira.
Waccan baiwar Allah kuma,
ka tambaye ta yaushe rabonta da barci?
Marasa lafiya biyu aka kawo maka, ka ga ɗaya."

Bayan mako huɗu suka dawo
da allura da ƙyalle a cikin leda.
Ya kira Azumi Inna, ta amsa.
Yatsun da suka kasa ɓalla maɓalli
suka zura zare, ba tare da tabarau ba.

Mu huɗu ne kacal a ajinmu,
layin tsofaffi kuwa ya kai gindin darbejiya.
Yanzu in sun shigo, biro na aljihu
sai mun gama gaisawa.

Malam Nalado bai san sunana ba, ba zai sani ba.
Duk zuwa sai ya auna kafaɗata da taƙi,
ya ja wuyan rigata, ya yi tsaki:
"Ɗinkin keke.
Ka zo ran Juma'a bayan an sauko, taka ta kusa."
Nakan ce to, Baba,
Allah Ya kai mu.